Yadda Ake Sayen Furen Teku da Kula da Shi a Tankin Ruwan Gishiri

Masu kiwon kifin ado sun sha tambaya: me ya sa furen teku yake mutuwa cikin wata guda, alhali kifayen da suke tanki ɗaya da shi suna nan garau? Furen teku, wanda dillalai ke kira anemoni, dabba ne duk da kamarsa da fure. Yana da ƙafa guda da yake manne wa dutse da ita, da baki a tsakiya, da yatsu masu harbi kewaye da bakin. Jikinsa kusan duk ruwa ne, ba ƙashi, ba ɓawo, saboda haka duk abin da ya sauya a ruwan tanki ya sauya a cikinsa. Kifi kan jure sakacin kwana biyu, shi kuwa ba ya jurewa. Ga yadda aikin yake, bi da bi.

1. Bari tanki ya nuna tukuna

Furen teku yana cikin abubuwa na ƙarshe da ake sakawa a tanki. Tankin ya yi aƙalla wata shida yana aiki da kifi a ciki, idan ya kai shekara ya fi. Sabon tanki ruwansa hawa da sauka yake yi, domin ƙwayoyin da ke narkar da kashin kifi ba su gama zama a jikin duwatsu ba. Za ka san ya nuna idan amoniya da naitarait, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, sun zauna a sifili wata da watanni, ƙurar nan mai ruwan ƙasa da ke rufe yashi a farko ta wuce, kuma gansakuka mai tauri mai ruwan hoda ta fara bin duwatsu.

Girman tanki kada ya gaza lita 110 ga iri mafi sauƙi. Ruwa kaɗan saurin zafi yake yi, saurin lalacewa kuma.

Hattara: idan tankin na hannu ne, tambayi mai shi ko ya taɓa zuba maganin kifi mai jan ƙarfe a ciki. Jan ƙarfe yana maƙalewa a dutse da yashi, yana fita a hankali, kuma ɗan kaɗan ɗinsa ya isa ya kashe furen teku. Duwatsun irin wannan tanki ba sa amfanuwa.

2. Warware maganar wuta da zafi

Ga mai zaune a Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram, wannan matakin ya fi kowanne nauyi. Ruwan yana son digiri 25 zuwa 26 na ma'aunin Selshiyos, kuma kada ya motsa fiye da digiri ɗaya tsakanin dare da rana. Daga digiri 29 zuwa sama dabbar takan fara koɗewa. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin waje ke haura digiri 40, tankin da ke ɗaki marar na'urar sanyaya ɗaki zai wuce wannan iyaka tun kafin azahar.

Abin da ake buƙata: injin sanyaya ruwan tanki daidai da yawan litarka, ko ɗakin da na'urar sanyi ba ta tsayawa. Ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa tana rage digiri ɗaya zuwa biyu, kuma a busasshiyar iska irin ta arewa tana aiki sosai, sai dai ruwa zai riƙa ƙafewa da sauri. Da hunturu kuma sai hita mai kashe kanta, saboda sanyin asuba.

Idan aka ɗauke wuta, abin da ke fara ƙarewa shi ne iskar da ke cikin ruwa. Fitila na iya kwana biyu a kashe ba a yi asara ba, amma ruwan da ya tsaya cik na 'yan awoyi cikin zafi yana iya kashe komai. Don haka famfon juya ruwa ya kasance a kan inbata ko sola, sannan ka ajiye ƙaramin injin hura iska mai batir a kusa. Wanda bai da tabbacin wuta dare da rana, shawara ta gaskiya ita ce ya dakata da sayen furen teku har sai ya samu.

3. Haɗa ruwa da awonsa

Ruwan famfo, na rijiya da na burtsatse duk ba sa yi. Suna ɗauke da sinadaran da ido ba ya gani, wani lokaci har da jan ƙarfe daga bututu. Ana amfani da ruwan da ya bi ta matatar RO/DI mai tsame sinadarai daga ruwa, wanda ma'aunin TDS, mai auna abin da ya narke a ruwa, ya nuna sifili a kansa. Gishirin miya ma ba ya yi, haka kanwa ko manda. Gishirin tankin teku ake saya, irin su Instant Ocean, Red Sea ko Tropic Marin.

Zuba ruwa a bokiti mai tsabta wanda sabulu bai taɓa shiga ba, sannan ka barbaɗa gishirin a kai, giram 35 zuwa 38 a kowace lita. Kada ka zuba ruwa a kan tulin gishiri, zai yi farin gari da ba ya narkewa. Sa ƙaramin famfo ya juya shi na awoyi har ya yi garau, ka auna da rifraktomita, na'urar auna gishirin ruwa. Awon da ake nema:

- gishiri: 1.025 zuwa 1.026
- pH, wato awon tsamin ruwa: 8.1 zuwa 8.4
- alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na hana pH faɗuwa: dKH 8 zuwa 11
- amoniya da naitarait: sifili
- naitaret, abin da naitarait ke komawa: 2 zuwa 10 a ma'aunin ppm
- fosfet: 0.03 zuwa 0.1 a ma'aunin ppm

Lura cewa naitaret da fosfet ba a so su zama sifili. Ruwan da aka tace har ya zama babu komai yana sa furen teku yunwa. Kuma tsayuwar awo wuri ɗaya ta fi samun lamba daidai muhimmanci: alkaliniti 8 da ba ya motsi ya fi wanda yau 9, gobe 11.

Hattara: ruwan da ya ƙafe, da ruwa marar gishiri ake cike gurbinsa. Ruwa ne ke tashi, gishirin yana nan. Masu cikewa da ruwan gishiri suna ƙara wa tanki gishiri kullum ba su sani ba. Yi alama da tef a jikin gilashi, ka cike zuwa alamar kowace rana. Canjin ruwa kuwa, kashi 10 cikin 100 duk mako ya wadatar, da sabon haɗin da zafinsa da gishirinsa suka yi daidai da na tanki.

4. Fitila, motsin ruwa da rufe famfo

A cikin naman furen teku akwai ƙananan gansakuka da ke sarrafa haske su ba shi mafi yawan abincinsa. Su ne ke ba shi launin ƙasa-ƙasa. Fitilar tankin kifin ruwan daɗi ba ta isa ba, sai LED da aka yi don murjani, mai shuɗi da fari, awa 8 zuwa 10 a rana a kan agogon kunnawa da kashewa. Idan ka samu aron ma'aunin PAR, mai auna ƙarfin haske, nemi 150 zuwa 300 a wurin da dabbar za ta zauna.

Ruwa ya riƙa kaɗa yatsunsa a hankali kamar iska a gonar gero, ba ya kwantar da su gefe guda ba. Kada famfo ya fuskance shi kai tsaye.

Yanzu ga abin da ya fi kashe furen teku a tankunan da komai nasu ke daidai. Idan bai ji daɗin wuri ba yakan saki ƙafarsa cikin dare ya bi ruwa, famfo ya zuƙe shi ya niƙa. Da safe sai a tarar da ruwa ya yi fari kamar an zuba madara, kifaye suna haki a sama. Kafin ka sayo shi, rufe bakin kowane famfo da soso ko raga mai ƙananan ido, rufe ramin da ruwa ke gangarawa matata, ka sa wa hita kariya domin yakan naɗe ta ya ƙone. Soson yana toshewa da datti, a wanke shi duk mako.

5. Zaɓen iri

Ga mai farawa, iri ɗaya ne za a ba shi shawara da zuciya ɗaya: Entacmaea quadricolor, mai kumburin kan yatsu, ɗan tekun Indiya da Fasifik da Bahar Maliya. Ya fi sauran juriya, faɗinsa kan kai santimita 30, kuma yana rabuwa biyu a tanki, saboda haka ana samun wanda aka haifa a hannun masu kiwo. Shi za ka nema. Ya saba da fitila da gishirin haɗi, bai kuma sha wahalar ciro shi daga teku ba.

Heteractis magnifica kyakkyawa ne ƙwarai, amma yana son haske da motsin ruwa masu ƙarfi, kuma da yawa suna isowa da ciwo daga doguwar tafiya. Masu kama da darduma, dangin Stichodactyla, suna girma sosai, harbinsu yana da zafi, suna kuma cin kifayen tanki. Macrodactyla doreensis mai dogayen yatsu yana buƙatar yashi mai zurfin santimita 8 zuwa 10 da zai binne ƙafarsa. Condylactis na tekun Karibiyan yana da araha, sai dai a asalinsa ba ya zama da kifin kilaun, kifin nan da ke fakewa a cikin furen teku, yana ma iya cinye shi. Duk waɗannan a bar su sai hannu ya faɗa.

6. Dubawa kafin biyan kuɗi

Tsaya gaban tankin mai sayarwa ka duba abu biyar, kada ka yi sauri.

Baki ya kasance a tsuke. Bakin da ya wangame, ko wanda wasu fararen zare kamar taliya ke leƙowa daga cikinsa, alamar dabbar tana kan hanyar mutuwa ce. Ƙafa ta kasance ba tsaga ba rauni, kuma a manne da dutse ko gilashi. Wanda ke birgima a ƙasan tanki, bar shi. Launi ya zama mai kauri: ƙasa-ƙasa, kore ko ja. Fari fat ko mai haske kamar leda ya rasa gansakukarsa. Wasu dillalai kan sayar da irin Heteractis crispa da ya koɗe suna cewa farin iri ne, wasu ma rina shi ake yi da ruwan ɗorawa mai ƙyalli. Launin da ya yi kama da na alawar yara, har ƙafa da baki duk iri ɗaya, rini ne. Yatsu su zama masu danƙo: roƙi mai shago ya ɗora ɗan abinci, ka ga ko ya kama ya kai baki. Na biyar, tambayi kwana nawa ya yi a shagon. Wanda ya yi mako biyu yana ci ya fi wanda ya sauka jiya.

Hattara: kada ka yarda a fizge shi daga dutse. Ƙafar da ta yage ita ce ƙofar ciwo. Idan a kan ƙaramin dutse yake, saye shi da dutsen. Idan a gilashi yake, a zura gefen katin roba a hankali ƙarƙashin ƙafar, kaɗan-kaɗan, har ya saki.

Wanda zai yi odarsa daga waje ya san cewa shigo da halittar ruwa mai rai Nijeriya yana buƙatar izini da binciken NAQS, hukumar killace dabbobi da tsirran da ake shigowa da su. A gama takardu kafin kaya su taso, domin kowace awa da jakar ta ƙara a filin jirgi daga ran dabbar ake cirewa.

7. Lissafin kuɗi

Dabbar kanta ita ce mafi arha a lissafin. A shagunan Amurka, koren Entacmaea yakan kama daga dala 30 zuwa 60, ja ya fi haka, masu launi na musamman kuma suna kai ɗaruruwa. Fitila mai kyau ta fi dabbar tsada ninki da yawa, injin sanyaya ruwa yakan haura dala 300, matatar RO/DI tana farawa daga wajen dala 100. Sai kuɗin da ba ya yankewa: gishiri, kayan gwaji irin na Salifert ko Hanna, canjin matata, da wuta. Idan kuɗi bai kai duka ba, a fara da sanyaya ruwa da fitila, dabbar ta jira.

8. Sabar da shi da ruwanka

Kashe fitilar tanki. Ɗora jakar a rufe a saman ruwa minti 15 zuwa 20 don zafi ya daidaita. Juye dabbar da ruwanta a ƙaramar roba mai tsabta. Ɗauki siririn tiyon iska, ka ƙulla shi sako-sako a tsakiya, ka zuƙo ruwan tanki ya riƙa ɗiga cikin robar, ɗigo 2 zuwa 4 a daƙiƙa. Idan ruwan ya ninka, zubar da rabi ka ci gaba. Minti 45 zuwa awa ɗaya ya isa.

Hattara: idan ya kwana a jaka a hanya, taƙaita ɗigon zuwa minti 20 ko 30. Da zarar an buɗe jakar da ta daɗe a rufe, pH yana hawa, amoniyar da ta taru ta zama guba.

Sa safar hannu ta roba. Kashe famfuna. Ɗauko shi a tafin hannu ko a ƙaramin kofi, ruwan jaka kada ya shiga tanki. Entacmaea yana son ƙafarsa a cikin rami ko tsagar dutse mai duhu, fuskarsa kuma a haske. Nemi irin wannan wurin a tsakiyar tsayin tanki, nesa da murjani, ka ajiye ƙafar a bakin ramin ka tallafe shi ɗan lokaci. Bar famfuna a kashe minti 20 zuwa 30 har ya kama, sannan ka kunna su da ƙaramin ƙarfi. Ba a ɗaure shi, ba a manna shi da gam, ba a danne shi da dutse.

9. Makonni biyun farko: cire hannu

Washegari kunna fitila a rabin ƙarfinta, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin mako biyu zuwa uku. Kada ka ba shi abinci sai bayan kwana biyar zuwa bakwai.

Zai yi tafiya. Mai yiwuwa ya koma bayan dutse inda ba ka ganinsa sosai. Ƙyale shi. Mafi yawan masu farawa a nan suke lalata aikinsu: su ciro shi, su dawo da shi gaba, ya sake komawa, su sake cirowa, har ƙafa ta yage. Shi ya san inda haske da ruwa suka yi masa. Idan murjani na kan hanyarsa, murjanin za ka ɗauke, don zai harbe shi.

Haka kuma zai riƙa saɓewa lokaci-lokaci, ya motse kamar tsumma, wani baƙin abu ko mai ruwan ƙasa ya fito daga bakinsa. Kashi yake yi yana canza ruwan jikinsa, cikin awa ɗaya ko 'yan awoyi zai sake cika. Abin damuwa shi ne motsewar da ta wuce yini guda tare da buɗaɗɗen baki. Kumburin kan yatsu kuwa yakan zo yakan tafi, rashinsa ba ciwo ba ne.

10. Ciyarwa

Sau ɗaya ko biyu a mako. Ɗanyen jatan lande, ko naman kifin teku, ko ƙananan jatan landen mysis da ake sayarwa a daskare. Ba dafaffe ba, ba mai gishiri ko yaji ba, ba busasshen kifin kasuwa ba, ba naman dabbar tudu ba. Yanka shi ƙanana, kada ya wuce ƙwayar wake. Narkar da shi a ɗan ruwan tanki, ka kashe famfo, ka ɗora a kan yatsu da dogon hantsaki. Kada ka cusa masa a baki. Mai lafiya zai naɗe abincin ya haɗiye cikin 'yan mintoci.

Babban yanka shi ne kuskuren da aka fi yi. Zai haɗiye, ya kasa narkarwa, cikin dare ya amayar da shi ya ruɓe a bayan dutse. Idan ka ga farin dunƙule mai yauƙi washegari, ka rage girman yankan. Idan kifi ko jatan landen tanki suna ƙwace masa, kife kwandon roba mai huji a kansa har ya gama.

11. Kifin da zai zauna da shi

Kifin kilaun, mai ruwan lemu da ratsin fari, shi ne dalilin da ya sa yawancin mutane ke son furen teku. A tanki babu wanda rayuwarsa ta dogara da ɗayan. Bar furen ya yi wata guda ya kafu kafin kifin ya same shi, kuma faɗinsa ya ninka tsawon kifin sau biyu ko uku, in ba haka ba gogar kifin za ta hana shi buɗewa. Amphiprion frenatus, Amphiprion clarkii da Premnas biaculeatus suna shiga Entacmaea da wuri domin gidansu ne tun a teku. Amphiprion ocellaris, wanda aka fi sayarwa, yakan ɗauki makonni ko watanni, wani ma ba ya shiga sam. Kada ka kama kifin ka tura shi ciki. Yana buƙatar ya saba da harbin a hankali, idan aka tilasta shi zai iya zama abinci.

Kifayen malam-buɗe-littafi, manyan kifayen mala'ika da masu kumbura ciki suna yagar yatsun furen teku, kada a haɗa su.

12. Idan abu ya ɓaci

Ya fara fari: auna zafi da farko, sannan gishiri, sannan ka tuna ko ka ƙara ƙarfin fitila kwanan nan. Gyara abu ɗaya a lokaci guda. Tunda ya rasa masu ciyar da shi daga ciki, ba shi ƙananan abinci sau biyu zuwa uku a mako. Launi yakan dawo, amma sai an yi watanni.

Ya kama yawo bayan ya daɗe a wuri ɗaya: wani abu ya sauya. Duba ko famfo ya juya, ko fitila ta raunana, ko awon ruwa ya gusa.

Ya miƙe yana jan jikinsa gefe biyu har ya tsage: rabuwa yake yi. Kada ka taɓa, kada ka ciyar har baki ya haɗe a kowane ɓangare, wajen kwana 7 zuwa 10. Auna ruwa duk da haka, domin wani lokaci wahala ce ke sa shi rabuwa.

Famfo ya kama shi: kashe famfon, kada ka ja. Cire murfin famfon ka ajiye su tare a ruwa mai ɗan motsi, sau da yawa yakan zare kansa. Idan baki da ƙafa sun tsira, akwai fata. Canza kashi 25 na ruwa, ka sa sabon gawayin tace ruwa.

Ya mutu: ƙafa ta saki, nama yana zagwanyewa yana bin ruwa, idan ka ɗago shi wari ba ya ɓuya. A nan ba a jira. Kashe famfuna don kada su watsa shi, ka zuƙe shi da tiyo mai faɗi zuwa bokiti, domin raga tarwatsa shi take yi. Canza kashi 30 zuwa 50 na ruwa, sa gawayi, ƙara iska, ka auna amoniya safe da yamma har kwana uku. Saboda irin wannan ranar ake ajiye jarkar ruwan gishiri haɗaɗɗe, kwatankwacin kashi ɗaya cikin uku na tankin, a rufe a inuwa.